Kada Ka Auna Ni a Sikelinka

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba na 2025, wadda ta yi daidai da sha uku ga Jimada Ula, ina tsaye a bakin sito a Ras Al Khor, a Dubai, ina faɗa da wani direba da ya jibge mini injinan mota a rana, sai wayata ta yi ƙara. Wata Baturiya ce daga makarantar da kake koyarwa. Ta ce sunana ka rubuta a matsayin wanda za a nema idan wani abu ya same ka. Ta ce ka yanke jiki ka faɗi a gaban allo da misalin ƙarfe goma na safe, motar asibiti ta tafi da kai. Kafin in keta cunkoson hanya in isa, an riga an ja maka mayafi. Malam Sharfuddeen Abdulhakeem Mijinyawa, malamin tarihi, ɗan shekara sittin da uku, aminina. Da suka miƙo mini kayan jikinka a leda, jan furen nan yana maƙale a aljihun rigarka.

Ni Ɗalhatu ba marubuci ba ne. Aikina tattara kayan 'yan kasuwa, in auna, in ɗaure, in tura Kano ta jirgin sama ko ta ruwa. Amma wannan rubutu ya zama mini dole, domin na yi maka laifi bayan ka rasu, laifin da ya sa ka kwana uku a ɗakin sanyi, kuma ina so iyalanka su ji shi daga bakina kafin su ji shi a bakin wasu.

Ta dalilin furen nan muka san juna, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wani masallaci a Al Khabaisi. Na ga dattijo da hular Kano da kwat, da jan fure na roba a ƙirji, ya yi mini sallama da Hausa. Ban yi wata-wata ba na tambaye ka ko biki za ka. Ka yi dariya, ka ce biki ne na matattu, in ina da lokaci ka ba ni labari. Na ce ina da minti biyar. Muka shafe awa biyu a wani gidan shayi, kuma tun daga ranar ban sake samun hutu daga ƙasar Kanada ba.

Shekara ashirin ka yi a can kafin ka zo Dubai koyarwa a makarantar da ke bin manhajarsu. Kana da fasfo biyu, kore na gida da shuɗi na Kanada, kuma ba ka taɓa yarda wani ya raina ɗaya daga cikinsu a gabanka ba. Kai ne mai karanta wa 'yan kasuwarmu takardun da suke sa wa hannu ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Na sha turo maka mutane da yarjejeniyar haya ko wasiƙar kotu, ka zauna da biro ja kana bi layi-layi kamar mai duba jarrabawa, ka gama ka yi musu faɗa, sannan ka saya musu abinci. Lokacin da ciwo ya kama wata 'yar kasuwa daga Maraɗi a otal, ba ta jin Turanci ba ta jin Larabci, kai ka yi kwana huɗu kana zirga-zirga tsakanin aji da asibiti kana yi mata tafinta. Ba ka taɓa faɗa mini ba. A bakin matata Nuriyya na ji.

Aibinka ɗaya, ba ka iya gajarta zance. Duk wanda ya tambaye ka furen nan, ya jawo wa kansa. Sai ka fara daga 1914, ka ce a lokacin da yawa daga cikin mutanen Kanada masu jin Turanci suna ɗaukar kansu 'yan Ingila ne da ke zaune a nesa. Ingila ta shiga yaƙin duniya na farko, su ma suka wayi gari a ciki, ba wanda ya nemi shawararsu. Sai ka kawo mu wani tudu a Faransa mai suna Vimy, watan Afrilu na 1917, inda rundunoninsu huɗu suka yi yaƙi tare a karo na farko, manomi daga tsakiyar ƙasa kafaɗa da kafaɗa da masunci daga bakin teku. Suka ƙwace tudun cikin kwana huɗu, suka bar fiye da mutum dubu uku da ɗari biyar a kwance. Ka ce bayan yaƙin, da aka zo sa hannu a yarjejeniyar sulhu, suka ce da hannunsu za su sa.

Idan na ce to madalla, yaƙi ya yi musu rana, sai ka ɗaga yatsa. Ka ce in dakata, labarin bai kai haka daɗi ba. A shekarar nan ta Vimy ƙasar ta kusa tsagewa biyu, domin masu jin Faransanci sun ƙi yarda a tilasta wa 'ya'yansu zuwa yaƙin Ingila, har jini ya zuba a titi daga baya. 'Yan asalin ƙasar da suka je suka dawo, yawancinsu ko ƙuri'a ba a ba su ba. Ka ce ba harsashi ne ya haɗa su ba, makoki ne. Fiye da mutum dubu sittin suka mutu, kuma aka yanke cewa ba za a kwaso gawarwakin gida ba, kowa a binne shi kusa da inda ya faɗi. Iyaye mata suka yi kuka, suka rubuta wasiƙu, aka ce a'a. Sai garuruwa suka riƙa kafa dutse a tsakiyar gari suna sassaƙa sunayen 'ya'yansu, ba kowa a ƙarƙashinsa. Kana cewa ƙasa ce da ta gane kanta ta wurin kaburburan da ba sa cikinta.

Sai da muka shekara biyu kafin ka gaya mini abin da ya sa labarin ya riƙe ka haka. Kakanka Mijinyawa, a wannan yaƙin, Turawa suka ɗebe shi ɗan dako, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, ya bar mahaifinka yana goye. Bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba kabari, ba dutse. Ka ce ka duba duk jerin sunayen da hannunka ya kai gare su, ba ka same shi ba. Ka ce furen nan na mutanen Kanada ne, da shi suke tuna mamatan yaƙi, amma kai saboda ɗan dako kake maƙala shi. Daga ranar na daina yi maka ba'a a gaban mutane, ko da yake ban daina ba idan muna mu biyu.

Bara wani ɗan kasuwa daga Kano ya rasu a nan, danginsa suka ce sai an kai shi gida. Ni na yi hidimar, domin hanyar kaya ita ce hanyar gawa, ofis ɗaya, sikeli ɗaya. Kwana tara aka yi. Aka yi masa allurar hana ruɓewa, aka rufe shi a akwati, aka ɗora a sikeli, na cike takardar da nake cikewa idan zan tura injin mota. Kana tsaye kana kallo. Ranar Juma'ar da ta biyo, muna cin shinkafa a Al Rigga, ka ajiye cokali ka dube ni.

"Ɗalhatu, in na faɗi a garin nan, a nan za ka sa ni, kuma da wuri. Kada ka auna ni a sikelinka."

Na yi dariya na ce to. Ban ce ka rubuta ba, ban ce ka kira shaida ba, ban ce ka gaya wa 'yarka ba. Na ɗauka irin zancenka ne na kullum.

Ga laifina. Ina fitowa daga asibiti ranar Talata na kira yayanka, Alhaji Mu'awiya, a Kano. Dattijo mai shekara saba'in da biyar ya fashe da kuka a kunnena. Da ya natsu ya ce in turo musu kai, akwai wuri kusa da mahaifiyarku da matarka Asama'u. Ya ce kakanku ya ɓace a ƙasar wasu, gidanku ba zai sake ba da mutum na biyu ba. Na buɗe baki in faɗi wasiyyarka, kunya ta rufe mini shi. Yaya zan yi in ce wa babba a'a yana tsakiyar kuka? Na ce, "To, Alhaji."

Da la'asar, lokacin da gari ya waye a Toronto, na kira 'yarka tilo, Murjanatu, tana shirin tafiya asibitin da take aikin jinya. Ba zan rubuta yadda ta yi ba. Bayan awa ɗaya ta sake kira, muryarta a dake, ta ce za ta taso gobe, kuma za ta koma da kai Kanada, ta riga ta yi magana da masallacinsu kan wuri a maƙabartar Musulmi. Ita ma na ce mata, "To, 'yata."

Haka na wayi gari ranar Laraba da alkawarin kabari uku a wuyana, ga mutum ɗaya. A sana'armu mun saba. Mai kaya ya ce gobe yake so, ka ce to, ka san sai jibi, daga baya a daidaita. Amma kai ba kaya ba ne, kuma duk awar da na ɓata ina neman yadda zan daidaita, kana kwance ne a cikin durowar ƙarfe. Alhaji Mu'awiya yana turo mini saƙo yana tambayar ranar jirgi, har ya sa an fara gyara wuri. Murjanatu tana turo hoton fasfonka shuɗi daga filin jirgi. Ma'aikacin ofishin da ke ba da izini ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Habibi, ƙasa ɗaya za ka rubuta. Wacce?" Ya ce sa hannun 'yarka kaɗai zai karɓa, kuma ranar Juma'a da sha biyun rana suke rufewa, in ba a gama ba sai Litinin. Na fito na zauna a mota, na kasa tayar da ita. Abinci ya fita raina. Nuriyya ce ta gaya mini gaskiya, ta ce ba tausayinsu nake ji ba, tsoron fushinsu nake ji, kuma wanda ya fi kowa haƙƙi a kaina shi ne wanda ba zai iya kirana a waya ba.

Ranar Alhamis da azahar na kira Alhaji Mu'awiya na faɗa masa komai. Sannan ya tambaye ni ko akwai takarda. Na ce babu. Ko akwai shaida. Na ce babu, sai Allah.

"Wato kai kaɗai ka ji, kuma ka yi kwana biyu kana ce mini to?"

"Haka ne, Alhaji. Na yi kuskure."

"In gaskiya ka faɗa, ban isa in tsallake wasiyyar mamaci ba. In kuma wahalar aikin kake gudu, kai da Allah." Ya kashe wayar.

Murjanatu ta sauka da yammacin ranar, na kai ta wurin Nuriyya. Na kasa yi mata maganar a gajiye. Da safiyar Juma'a, ƙarfe takwas, mu uku muka buɗe gidanka na Al Khabaisi. Kofin shayinka yana kan tebur, da takardun ɗalibai da ba ka gama dubawa ba, da ɗan kwali cike da jajayen furanni da kake raba musu. Ta zauna a kujerarka ta fito da takardun ɗaukar gawa, ta riga ta cike rabi. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai laifi a gaban alƙali, na faɗa mata abin da na faɗa wa baffanta.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni da idanunka.

"Baba Ɗalhatu, a can aka haife ni. Amma har yau sai majinyaci ya dube ni ya ce, asalinki daga ina? Mama tana Kano. Kakanni suna Kano. Ba mu da kowa a cikin ƙasar can, ko mutum ɗaya. Ina so in riƙa kai yarana wani wuri in ce, ga kakanku nan, mu ma 'yan nan ne. Yanzu ka ce in bar shi a garin da ko visa ɗinsa ba ta wuce shekara biyu?"

Agogon bangonka ya nuna tara saura. Na san in ta sa hannu a takardun nan, za a yi maka allurar, za a kawo ka sitona, kuma ni zan ɗora ka a sikelin, domin ba zan bar wa wani ba.

Sai ta ce in maimaita mata maganarka, kalma da kalma, kada in gyara. Na maimaita. Da na kai wurin sikeli, ta rufe bakinta da hannu, wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, daga nan kukan ya zo. Ta ce wannan ba ƙirƙira ba ce, Baba ne. Nuriyya ta riƙe ta. Ni na juya ina kallon bango, a nan na ga hoton da na sha gani ban taɓa tambaya ba: kai da yarinya 'yar shekara sha biyu cikin rigar sanyi, a gaban wasu dogayen fararen ginshiƙai biyu.

Ta ce Vimy ne. Ka tara kuɗin hutu ka kai ta, ka sa ta bi bangon da ke gindin ginshiƙan tana karanta sunaye, sama da dubu sha ɗaya, na waɗanda ko gawarsu ba a gano ba. Ta gaji ta tambaye ka me ya sa ba a mayar da sauran gida ba, tunda su an san inda suke. Ka ce mata iyayensu ma haka suka tambaya, kuma an cuce su da aka hana su zaɓi. Amma ka ce ta duba, ba wanda ya ce iyayen nan ba 'yan Kanada ba ne don 'ya'yansu suna kwance a Faransa. Ka ce abin da ya riƙe su shi ne sun ƙi barin sunayen su ɓace. Ta ce ranar ce kawai ta ga hawayenka, kuma sai daga baya ta gane cewa sunan da kake nema ba ya jikin bangon.

Ta daɗe tana kallon takardun. Sannan ta ninke su biyu ta sa a jaka, ta ce in kai ta ofishin. Mun isa sha ɗaya da kwata, ta sa hannu a binne ka a nan. A mota ta yi mini tambaya ɗaya, ta ce wa zai riƙa ziyartarsa? Na buɗe baki zan ce to, sai na kama kaina. Na gaya mata gaskiya, cewa ni ma baƙo ne, duk shekara biyu nake sabunta zamana, kuma ranar da aka ƙi sabuntawa zan tattara. Amma muddin ina garin nan, duk Juma'a zan je. Ta gyaɗa kai.

Bayan la'asar muka yi maka salla. Ban san labari ya bazu haka ba. 'Yan kago, abokan sana'ata na Ras Al Khor, sun rufe sito sun zo, da 'yan canjin Al Rigga, da mutanen Nijar, da abokan aikinka Turawa da suka tsaya daga gefe da jajayen furanni a ƙirji, sun sunkuyar da kai. Ni na shiga ramin na karɓe ka. Ka yi nauyi, Malam, amma ban san ko kilo nawa ba ne, kuma ba wanda zai taɓa sani. A garin da dukanmu muke zaman aro, kai kaɗai a cikinmu ka samu wurin da ba za a ce ka sabunta ba.

Da aka gama mayar da ƙasa, ma'aikacin maƙabarta ya kafa ɗan dutse a wajen kanka. Na matsa in gani. Lamba ce kawai a jiki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta wa yara sunayen matattu, lamba aka ba shi. Na ɗauki hotonta na tura wa Murjanatu, ban iya rubuta komai a ƙasa ba. Ta amsa da layi ɗaya, ta ce to sai mu rubuta da kanmu.

Yau Talata, sha ɗaya ga wata, kwana bakwai da rasuwarka. Ita ce ranar da kake sa ɗalibanka su yi shiru na minti biyu da ƙarfe sha ɗaya, daidai lokacin da aka tsayar da yaƙin nan, ranar da nake kiranka da gangan a daidai lokacin don in ji ka ƙi ɗauka. Murjanatu ta koma jiya, ta bar mini fure ɗaya daga kwalinka. Ban maƙala shi ba, ka san halina, yana cikin aljihu. Alhaji Mu'awiya ya zauna karɓar gaisuwa a Kano, an ce ya gaya wa mutane cewa wasiyyarka aka bi, amma har yanzu bai ɗauki wayata ba. Ban ga laifinsa ba. Ramin da ya sa aka fara gyarawa, da kansa ya sa aka mayar.

Alhaji, ina neman afuwarka a gaban duk wanda zai karanta wannan. Ka ce gidanku ba zai sake ba da mutum na biyu ba. Bai ɓace ba, na san inda yake, zan kai duk wanda ya zo. Kuma tunda dutsen bai ɗauki suna ba, ga shi na rubuta a nan, a inda ba sai na nemi izinin kowa ba, tare da wanda ya nema shekara da shekaru bai samu ba:

Sharfuddeen ɗan Abdulhakeem, malami, yana kwance a Dubai.

Mijinyawa, kakansa, ɗan dako, yana kwance a gabashin Afirka, a inda Allah kaɗai ya sani.

Ya Allah, Ka jiƙansu da rahamarKa, Ka yafe musu kurakuransu, Ka yalwata musu makwanci, Ka haskaka shi. Ka sanya ilimin da Malam ya bayar da ɗawainiyar da ya yi da baƙi su zame masa abokan zama. Ka haɗa shi da matarsa Asama'u da iyayensa a Aljannar Firdausi, inda ba a tambayar kowa daga ina yake. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Mu'awiya da dukan zuriyar Mijinyawa a Kano, da Murjanatu da mijinta da 'ya'yanta a Toronto, da ɗalibansa, da jama'armu ta Dubai. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen a duk ƙasar da ya riske mu.

Malam, ka yafe mini kwana ukun nan. Sai Juma'a.